John Parsons: Mutumin da ya koya wa injin sassaƙa ƙarfe bin lissafi

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ɗoro kaya daga Arewa zuwa Anacha, Inugu ko Fatakwal ya san yadda wani ɗan ƙarfe da bai kai tafin hannu ba kan tsayar da tirela kwana da kwanaki, albasa na ruɓewa, shanu na ramewa. Ko an kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya kwaikwaya, kuskuren da bai kai kaurin gashi ba ya isa ya mayar da aikin banza. Neman maganin irin wannan kuskure shi ne ya cinye rayuwar John T. Parsons, Ba'amurken da ake ɗauka a matsayin uban fasahar sarrafa injin ƙira da lambobi, wadda ta haifi injinan CNC na yau.

An haifi Parsons a birnin Detroit a ranar 11 ga Oktoba, 1913. Bai kammala jami'a ba. A masana'antar mahaifinsa ya koyi aiki. A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu ya jagoranci reshen kamfanin da ke garin Traverse City a jihar Mishigan, inda suka shiga ƙera fukafukan jirage masu saukar ungulu na kamfanin Sikorsky.

A nan matsalar ta bayyana. Fiffiken jirgi yana da lanƙwasa mai wuyar fitarwa, kuma abin da ake ba su shi ne ɗigo 17 kacal, sai ma'aikaci ya haɗa su da hannu, ya yanke, ya goge da magagari. A 1946 Parsons ya ɗauki injiniya Frank Stulen aiki. Su biyun suka yi amfani da na'urar lissafi ta IBM mai aiki da kati mai huji, wadda aka saba yin lissafin kuɗi da ita, suka fitar da ɗigo 200. Mutum ɗaya yana karanta lambobin, biyu suna juya hannayen injin, ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance. Daga nan tunanin ya zo masa: in lambobi ne ke jan hannun ma'aikaci, me zai hana a ba injin lambobin kai tsaye?

A 1949 rundunar sojan saman Amurka ta ba shi kwangila ta kimanin dala 200,000 domin ya tabbatar da wannan tunani. Da yake yana bukatar ƙwararru a kan na'urorin da ke motsa inji daidai gwargwado, sai ya ba Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, wato MIT, wani ɓangare na aikin. Masanan cibiyar suka faɗaɗa shirin fiye da yadda ya tsara, kuɗi suka ƙare, daga bisani rundunar ta ƙulla yarjejeniya da cibiyar kai tsaye. Mai tuwo ya koma ɗan kallo. A 1952 MIT ta nuna injin da ke karanta umarni daga zaren takarda mai huji, yana motsi ta fuska uku. Shi kuwa Parsons, matsin kuɗi ya sa har shugabancin kamfaninsu ya kuɓuce masa na wani lokaci. Abin da ya cece shi shi ne takarda: ya shigar da bukatar mallakar fasahar a 1952, aka ba shi shaidar a 1958.

Masana'antu ba su rungumi injin nan da nan ba, saboda tsadarsa da wahalar rubuta masa umarni. Rundunar sojan saman ce ta sayi injinan da kuɗin gwamnati a tsakiyar shekarun 1950, ta ajiye su a masana'antun 'yan kwangilarta, ta kuma ɗauki nauyin samar da harshen ba su umarni mai suna APT. Da kwamfuta ta yi araha, sai ta maye gurbin zaren takarda.

Jikokin wannan inji a yau suna motsi ta fuska biyar. Uku miƙaƙƙu ne: hagu da dama, gaba da baya, sama da ƙasa. Biyun da suka rage juyi ne, ko na bakin yankan ko na teburin da aka ɗaure ƙarfen. Amfanin haka shi ne a gama aiki a ɗauri guda, domin duk kwancewa da sake ɗaurewa ƙofar kuskure ce. Da irinsu ake ƙera farfelar injin jirgin sama, da cikin famfunan man fetur, da gaɓar ƙugu ta ƙarfe da likitoci ke dasawa.

Yabo ya zo masa a makare. A 1985 Shugaba Ronald Reagan ya ba shi da Stulen lambar yabo ta ƙasa a fannin fasaha, a 1993 kuma aka shigar da sunansa cikin jerin fitattun masu ƙirƙira na Amurka. Ya rasu a Traverse City a watan Afrilun 2007, yana da shekara 93.

Tarihin nan yana da abin faɗa wa masu riƙe da fayil a Abuja. Nijeriya tana da cibiyar PRODA a Inugu, da hukumar NASENI da aka kafa a 1992, da masana'antun kayan gyara na Nnewi, da Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 5 na 2018 wanda ya ce a fifita ƙwararrun gida a kwangilolin kimiyya da injiniyanci. Fasahar Parsons ta rayu ne domin gwamnati ta zama mai sayen farko, ta kuma jure shekarun da ba a ga riba ba. Shi kansa kuwa ya kusa tashi a tutar babu, saboda yadda kwangila ta sauya hannu. Jami'in da ke tsara sharuɗɗan sayen kaya, da hadimin da ke shirya wa minista takarda, su ne ke yanke hukunci a kan waɗannan abubuwa biyu: ko maƙerin gida zai samu oda, da kuma ko mai tunanin farko zai ci moriyar tunaninsa.