Uwar Muminai Zainab bint Jahsh: Mai jima a ɗakinta, mai dogon hannu a wajen kyauta

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

A cikin matan Manzon Allah (SAW) akwai wadda ta shahara da sana'ar hannu a cikin ɗakinta, ita ce Nana Zainab bint Jahsh, Allah Ya ƙara mata yarda. Mahaifiyarta Umaima 'yar Abdulmuɗɗalib ce, wato gwaggon Annabi. Sunanta na farko Barra, Annabi ne ya sauya mata shi zuwa Zainab.

Gidan su Zainab yana daga cikin waɗanda suka riga shiga Musulunci. Da aka yi umarni da hijira, sai suka tashi gaba ɗaya, maza da mata, suka bar gidansu na Makka a rufe, daga bisani Abu Sufyan ya ƙwace shi ya sayar. A shekara ta 3 bayan hijira ɗan'uwanta Abdullahi ya yi shahada a Uhudu, kuma a wannan rana 'yar'uwarta Hamna ta rasa mijinta Mus'ab bin Umair. Wani ɗan'uwan nata, Abu Ahmad, makaho ne. Saboda haka Zainab ta san rashi da maraici a cikin danginta ido da ido.

Ta fara auren Zaidu bin Harisa, zaman bai ɗore ba. Bayan sun rabu, Allah Ya aurar da ita ga ManzonSa kamar yadda ya zo a Suratul Ahzab, a shekara ta 5 bisa zancen malaman tarihi da dama.

Wannan ɗaukaka ba ta sa ta naɗe hannu ba. Takan jeme fata, ta ɗinka, a sayar, sannan ta rabar da kuɗin. Kowa ya san jima aiki ne mai wari da cin jiki, ga shi kuma ita 'yar babban gida ce, ciyarwarta tana wuyan mijinta. Abin da ya zaunar da ita gaban fata shi ne son ta sami abin kanta da za ta ba dangi da miskinai. Nana A'isha, duk da kishin da ke tsakaninsu, ta shaide ta da tsoron Allah, gaskiyar magana, sada zumunci, da wahalar da kai cikin aikin da take sadaka da shi.

Imamu Muslim ya ruwaito cewa Annabi ya shaida wa matansa wadda ta fi su tsawon hannu ita za ta riga riskarsa. Sai suka riƙa gwada hannuwansu. Da Zainab ta riga su rasuwa, suka gane tsawon hannun sadaka ake nufi.

A zamanin Halifa Umar an yanka mata dirhami 12,000 daga baitulmali. Da aka kawo, ta sa aka lulluɓe su da mayafi, ta riƙa cewa a ɗiba a kai wa 'yan'uwanta da marayunta, har ya rage dirhami 85, ta bar wa matar da ta taya ta rabon. Sannan ta roƙi Allah kada rabon wata shekara ya tarar da ita. Ta rasu a shekara ta 20 bayan hijira tana da shekara 53. Likkafaninta ma ita ta tanada, ta yi wasiyya idan Halifa ya aiko da wani a sadakar da ɗaya. Umar ne ya sallace ta, aka binne ta a Baƙi'a.

'Yar'uwa mai saƙa, ko ɗinki, ko suyar ƙosai a cikin gida, ga abin koyi. Jari yakan karye, ciniki yakan yi sanyi, a irin wannan lokaci niyya ce ke riƙe mai sana'a. Wadda ta san kuɗin maganin mahaifiyarta ko na makarantar marayan ɗan'uwanta daga wannan tire zai fito, ba ta raina tiren, ba ta kuma tauye mudu a kansa. Allah Ya sa albarka a neman halalinmu, Ya haɗa mu da Uwar Muminai a Aljanna.