Muhammadu Kanta, Makiyayin Da Ya Kafa Daular Kabi

Lokacin da kwamitin wannan mujalla tamu ya nemi in rubuta tarihin wani babban mutum na zamanin da, tunanina ya fara tafiya nesa, wajen sarakunan Masar da Rum da Farisa waɗanda muka sha haddace sunayensu saboda jarrabawa. Daga baya na ga bai kamata in tsallake na gida in tafi dawa ba, alhali a nan ƙasarmu an yi mutumin da ya fara da kiwon shanu ya ƙare da kafa daula. Wannan mutum shi ne Muhammadu Kanta, Sarkin Kabi na farko.

Waɗanda muka zauna aji ɗaya za su tuna yadda muke rera Hausa Bakwai da Banza Bakwai kamar karatun allo. Da yake Kabi tana cikin jeri na biyu, sai na ɗauka wata ƙaramar ƙasa ce da ba ta taɓa yin wani abin a zo a gani ba. Ni kuwa ɗan Kalmalo ne, kusa da Illela, inda in ka miƙe arewa kaɗan ka shiga Birnin Ƙonni, saboda haka na taso ina ganin mu mutanen bakin iyaka ne, tarihi kuwa a can manyan birane ake yin sa. Wata rana malaminmu na Tarihi, Allah ya saka masa da alheri, ya zana Gulbin Rima a allo, ya ɗiga alli a inda Surame take, ya ɗiga a kan Adar, sa'an nan ya kira ni in nuna garinmu. Da na nuna sai ga shi a tsakanin biyun. A ranar ban fahimci abin da yake nufi ba, sai bayan shekaru da na soma bin labarin Kanta da kaina.

A ƙarshen ƙarni na 15, babbar daular yammacin ƙasar Sudan ita ce Songhai mai hedkwata a Gawo. Sonni Ali ne ya faɗaɗa ta tsakanin 1464 da 1492, sa'an nan Askiya Muhammadu ya karɓi mulki a 1493, ya tafi aikin Hajji a 1496, ya dawo ya tsara ƙasar da hakimai da rundunoni. A gabas akwai Barno, a arewa akwai Agadas ta Azbinawa, a tsakiya kuma ga biranen Hausa irin su Kano da Katsina suna bunƙasa da kasuwanci. Ƙasar Kabi a lokacin fadama ce ta masunta da manoma da makiyaya, tana can gefen gabas na Songhai, watau ita ma bakin iyaka ce.

Game da asalin Kanta akwai ruwaya biyu. Kabawa suna cewa mahaifinsa Makata ya fito daga gabas ya zauna a Kuyambana cikin ƙasar Katsina, mahaifiyarsa kuma 'yar Sarkin Katsina ce, amma da uban ya rasu ba a ba Kanta sarautarsa ba, sai ya yi fushi ya bar gida ya shiga kiwo tare da Fulani, inda ya yi suna wajen dambe da kokawa har samari suka riƙa binsa. Shi kuwa Muhammadu Bello ɗan Shehu, a littafinsa Infakul Maisuri da ya kammala a 1812, ya nuna cewa Kanta bawan Fulani ne tun farko. Ko wace ruwaya mutum ya ɗauka, sun haɗu a kan abu guda, Kanta bai gaji gadon sarauta ba, da ƙarfinsa da jama'ar da ya tara ya kai inda ya kai.

Littafin Tarikhus Sudan na Abdurrahman Assa'adi, wanda aka rubuta a tsakiyar ƙarni na 17, ya fara ambatonsa ne a matsayin shugaban garin Leka, ya kira shi Kuta mai laƙabin Kanta. A wajen 1516 Askiya Muhammadu ya kai yaƙi Agadas, Kanta da mutanensa suna cikin rundunar. Aka ci nasara, aka juyo gida da ganima mai yawa. Kanta ya zuba ido a ba shi kasonsa, shiru. Ya je wurin Dandi-fari, watau hakimin ƙasar Dandi kuma ɗaya daga cikin manyan jarumawan Askiya, ya yi masa maganar, shi kuwa ya gargaɗe shi cewa duk wanda ya tambayi Askiya rabo za a ɗauke shi ɗan tawaye. Kanta ya koma wurin mutanensa hannu rabbana, su kuma suka ƙi yarda a ce sun sa wuyansu a bakin takobi sa'an nan su koma gida ba ko akuya. Daga nan aka ja daga, aka gwabza, Kanta ya janye biyayyarsa ga Songhai. Wannan ya faru tsakanin 1516 da 1517, daidai lokacin da Turkawan Usmaniyya suke cin Masar.

A nan nake so mu ɗan tsaya, domin nan ne gishirin labarin. Kanta bai fita daga gida da niyyar ɓallewa ba, ya tafi ne a matsayin mai biyayya. Babban jami'in da ya kamata ya kai kukansa gaba shi ne ya toshe ƙofa, ya mai da neman hakki laifi. Da Dandi-fari ya isar da saƙon, aka ba mutanen Leka ko da kaɗan ne, mai yiwuwa da ba mu taɓa jin sunan daular Kabi ba. Abin da Songhai ta hana a rana ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na abin da ta yi hasara daga baya ba.

Askiya ya aiko da runduna a shekarar da ta biyo baya, ba ta yi nasara ba. Askiya Muhammadu Benkan, wanda ya yi mulki daga 1531 zuwa 1537, ya zo da kansa, Kanta ya fatattake shi a wani wuri da ake kira Wantarmasa. Assa'adi ya ba da labarin cewa abin da ya fi damun wannan Askiya a hanyarsa ta gudu shi ne tsegumin da mutanen Tumbuktu za su yi a kansa in labari ya kai musu. A ƙarshe, a zamanin Askiya Dawuda, wajen 1553, Songhai ta haƙura aka yi sulhu. Dalilin wannan tsayin daka ba jaruntakar mutum ɗaya kaɗai ba ce. Fadamar Kabi tana ba da shinkafa da kifi da ciyawar dabbobi ko da rani, saboda haka yunwa ba ta saurin kama masu tsaron gari. In ruwa ya cika, dawakin baƙi ba su iya ratsa laka, su kuwa Kabawa jirage suke tuƙawa. Bugu da ƙari, ƙasar tana kan hanyar fatake masu zuwa Gwanja sayen goro da masu hawa arewa zuwa Azbin, ga kuɗin fito da na kasuwa suna shigowa.

Da ƙafarsa ta tsaya, Kanta ya ƙarfafa garuruwa uku, Gungu da Leka da Surame, ya mai da Surame babban birninsa. Kufanta yana nan cikin Ƙaramar Hukumar Binji a Jihar Sakkwato. Na taɓa zuwa can tare da wani abokin aiki, kuma ban manta yadda jikina ya yi sanyi ba da na ga ganuwar dutse, an jera duwatsu an ɗaure su da laka, tana tafiya cikin daji har ido ya gaza. Birnin ya kai wajen murabba'in kilomita 9. Gwamnatin Nijeriya ta sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1964, kuma a 2007 aka shigar da shi jerin wuraren da ake neman hukumar UNESCO ta amince da su. Amma labaran baka game da ginin suna nuna wani gefe na Kanta. Ana cewa ya tilasta wa kowace ƙasa da ke ƙarƙashinsa ta aiko da ma'aikata, da Nufawa suka makara sai ya sa su kwaɓa ƙasar rabonsu da man kaɗanya maimakon ruwa, Azbinawa kuma ya sa su ɗauko ruwa a kan raƙuma tun daga ƙasarsu. Ko da an yi ƙari a cikin labarin, ya nuna yadda talakawan wancan zamani suka tuna da shi. Mutumin da ya yi tawaye saboda an danne masa hakki, da ya sami iko shi ma ya ɗora wa na ƙasa da shi kaya mai nauyi.

Yaƙinsa na ƙarshe da Barno ne. Rundunar Mai na Barno ta zo ta kewaye Surame, amma ta kasa shiga. Masu ba da labari suna cewa Kanta ya sa an jera gawawwaki a kan ganuwa da baka da kibau, har abokan gaba suka zaci birnin cike yake da mayaƙa, suka karaya suka juya. Kanta ya bi su har Nguru ya ci su da yaƙi. A kan hanyarsa ta dawowa ta ƙasar Katsina aka harbe shi da kibiya a Dugul, ya cika a Jirwa, aka ɗauko gawarsa aka kawo Surame. Wannan a tsakiyar ƙarni na 16 ne. Allahu Akbar, wanda Askiya da Mai suka gagara kayarwa, kibiya ɗaya ta mutanen ƙauye ta kwantar da shi.

Daular da ya bari ta fi Songhai tsawon rai. A 1591 sojojin Maroko masu bindiga suka karya rundunar Songhai a Tondibi, Kabi kuwa tana nan da ƙarfinta, har Sarkin Maroko Ahmad Almansur ya rubuto wa Kanta Dawuda, ɗaya daga cikin magadansa, takarda yana yi masa barazana saboda taimakon da yake ba ragowar mutanen Askiya. Amma abin da ya ci Songhai shi ya zo ya ci Kabi. Ƙasashen gefe da aka daɗe ana tatsa suka soma zamewa. A 1674 Agabba ɗan Sarkin Agadas ya ƙwace Adar, wadda ke nan arewa da mu, Gobir da Zamfara su ma suka tashi suka ɗebi rabonsu. A wajen 1700 aka bar Surame aka koma Birnin Kabi, wanda mayaƙan jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo suka ci a 1805. Daga baya zuriyar Kanta suka kafa kujerarsu a Argungu, inda sarautar take har yau, inda kuma gidan tarihi mai ɗauke da sunansa yake.

To, 'yan'uwa, me ya sa na zaɓi wannan labari? Yawancinmu yanzu ma'aikata ne, wasu a gwamnati, wasu a asibiti ko banki ko makaranta, kuma kusan kowannenmu yana zaune a wata ƙofa da talaka zai bi kafin kukansa ya kai sama. Ni kaina na taɓa zama a wani taro a wani ofis inda ake rarraba ayyuka, takardar wasu ƙauyukan bakin iyaka ta zo, wani babba ya ture ta gefe da hujjar cewa wurin ya yi nisa, ba wanda zai je dubawa. Na san ƙauyukan, na san rijiyoyinsu, amma na yi shiru saboda ina sabon ma'aikaci ina tsoron a ce na cika baki. Da na koma gida daren nan Dandi-fari ne ya faɗo mini a rai, na ga ashe kujerarsa na zauna. Duk lokacin da na je Kalmalo na ga yadda tafkin da muka yi wanka a ciki muna yara ya ja da baya, na ga samarin da ba noman rani ba sana'a, sai in tuna cewa mutanen gefe suna da haƙuri, amma haƙurin yana da iyaka. Rashin tsaron da ya addabi yankinmu a 'yan shekarun nan yana da dalilai da yawa, sai dai ba na shakka wannan yana cikinsu.

Saboda haka ina roƙon ƙungiyarmu abu biyu. Na farko, a taronmu mai zuwa a ware wani abu daga asusu a saya wa ɗakin karatun makarantarmu littattafan tarihin ƙasar Hausa, domin ƙannenmu da yawa sun tashi a shekarun da aka cire darasin Tarihi daga ƙananan azuzuwa. Na biyu, a shirya kai ɗaliban ajin ƙarshe gidan tarihi na Kanta a Argungu, in hanya ta yi kyau kuma a kai su Surame su ga ganuwar da idonsu. Ni na ɗauki nauyin man mota na tafiyar farko, in Allah ya yarda.

Malamanmu da suke raye, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, malamai da ɗalibai, Allah ya jiƙansu da rahama. Mu kuma Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da ke hannunmu, amin. Wassalam.