Blaise Diagne, ɗan duwan da ya tara wa Faransa sojoji da alkawari

Duk wanda ya taɓa sauka sabon filin jirgin saman Dakar, wanda aka buɗe a 2017, ya ga sunan Blaise Diagne. Amma kaɗan ne suka san cewa mutumin tsohon ɗan duwan ne, kuma shi ne ya tara wa Faransa dubban sojoji baƙar fata a yaƙin duniya na farko.

An haife shi a tsibirin Gore, ƙasar Senegal, a 1872. Ya shiga aikin duwan a 1892, aka yi ta yawo da shi daga Dahome zuwa Kwango, Madagaska da Guyana. A 1914 mutanen Senegal suka zaɓe shi ɗan majalisar Faransa, ya zama baƙar fatar Afirka na farko da ya samu wannan kujera.

A shekarar ne yaƙi ya ɓarke da Jamus. Faransa ta shiga ɗibar samari da ƙarfi, kowane sarki a yanka masa adadin da zai kawo. Abin bai yi kyau ba. A 1915 da 1916 aka yi babban bore a yankin Bani da Bolta, cikin Mali da Burkina na yau. Wasu ƙauyuka kuwa suka watse, mutane suka tsallaka iyaka zuwa Gwalkwas, wato Gana, da Gambiya da Najeriya, inda Ingilishi ke mulki. Waɗanda aka kai fagen fama su ma sun sha wuya. A watan Afrilu na 1917, a wurin da ake kira Chemin des Dames, an tura su gaba cikin tsananin sanyi, da yawa ba su samu isasshen horo ba, aka yi asarar rayuka mai yawa. Diagne ya tashi a majalisa ya yi tir da wannan.

Duk da haka, a watan Janairu na 1918, da shugaban gwamnati Clemenceau ya naɗa shi babban wakilin ɗibar soja, sai ya amsa. Gwamnan Afirka ta Yamma, Van Vollenhoven, wanda ke ganin ƙasar ta riga ta gaji, ya ajiye aikinsa.

Diagne ya zo da sabon ciniki. Wanda ya shiga soja za a yafe masa lanho, a riƙa ba iyalinsa ɗan kuɗi, a cire shi daga hukuncin da kumandan ke yankewa ba tare da shari'a ba. In ya dawo a ba shi fifiko wurin aikin gwamnati, wanda ya yi bajinta kuma ya iya neman zama ɗan ƙasar Faransa. Ya zaga ƙasashe da hafsoshi baƙaƙe cikin kaki, Turawa na yi masa gaisuwar manya a bainar jama'a. Cikin 'yan watanni aka samu mutum wajen 63,000 a Afirka ta Yamma, ba tare da wani babban bore ba. Sai dai har lokacin sarakuna ne ke nuna wanda zai tafi, kuma galibi ɗan talaka ne.

Ko an biya bashin? An buɗe makarantar likita a Dakar a 1918. Amma 'yan kaɗan ne suka samu zama 'yan ƙasa, kuma a 1919 aka mayar da aikin soja tilas na shekara 3 ko babu yaƙi. A 1959 Faransa ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin Afirka, ba a daidaita shi da na Faransawa ba sai tsakanin 2007 da 2011, bayan mafi yawansu sun kwanta dama.

Shi kansa Diagne ya zama magajin garin Dakar, ya kuma riƙe muƙamin ƙaramin minista a 1931. A 1930 ya kare aikin tilas a taron Janiba, abin da ya zubar masa da mutunci wurin mutane da dama. Ya mutu a Faransa a 1934.

Har yau ana gardama a kansa: wasu na ganin ya saya wa mutanensa 'yanci, wasu na cewa jininsu ya sayar. Ɗan kasuwa dai ya san ƙa'idar: wanda ya ɗauki kaya bashi bai biya ba, ranar da ya dawo zai tarar da rumfa a rufe.