Roberto Clemente, ɗan wasan da ya ƙi a sauya masa suna

A daren 31 ga Disamba 1972, mutanen San Juan na shirin shiga sabuwar shekara, sai wani tsohon jirgin sama ƙirar DC-7 ya tashi da abinci da magunguna zuwa Nikaragwa. Bai yi nisa ba ya faɗa teku kusa da gaɓar Isla Verde. Mutum biyar ne a ciki, babu wanda ya tsira. Ɗayansu shi ne Roberto Clemente, ɗan shekara 38, fitaccen ɗan wasan bezbol na tsibirin Puerto Rico. Har yau ba a ga gawarsa ba.

Bezbol ba wasan yankinmu ba ne, don haka ga shi a taƙaice: wani ya jefo ƙaramar ƙwallo mai tauri, ɗan ɗaya ƙungiyar ya doke ta da kulki, ya ruga yana taka tashoshi huɗu kafin abokan hamayya su cafke ta su mayar. Clemente ya iya duka, amma hannunsa aka fi tsoro. Daga can ƙarshen fili yake wurgo ƙwallo ta riga mai gudu isa tasha.

An haife shi ranar 18 ga Agusta 1934 a garin Carolina, shi ne auta a gidan. Mahaifinsa Melchor shugaban lebura ne a gonar rake. A 1954 ƙungiyar Brooklyn Dodgers ta ɗauke shi, ta tura shi Montreal a Kanada, inda ya sha zaman benci. A ƙarshen shekarar Pittsburgh Pirates ta karɓe shi a kan dala 4,000, kuma bai sake sauya ƙungiya ba har ya mutu.

Tun 1917 mutanen Puerto Rico 'yan ƙasar Amurka ne a doka. Takarda ba ta hana a ɗauke shi baƙo ba. Baƙar fata ne, kuma Sifaniyanci ne harshensa, wato laifi biyu a idon Amurkar wancan zamani. A sansanin horo na Fort Myers a jihar Florida, turawan ƙungiyar na kwana a otal, shi kuma a gidan wasu baƙaƙen fata a wata unguwa. In an tsaya cin abinci a hanya, shi da 'yan uwansa baƙaƙe sai su zauna cikin bas har a kawo musu. Bai saba da irin wannan a gida ba, kuma bai ɓoye fushinsa ba.

'Yan jarida ma ba su raga masa ba. Sukan rubuta Turancinsa yadda ya fito daga bakinsa, harafi bayan harafi, don masu karatu su yi dariya, alhali su ko gaisuwa ba su iya da Sifaniyanci ba. Suka raɗa masa Bob, har a katunan 'yan wasa da yara ke tarawa. Ya yi ta nanata cewa sunansa Roberto. In ya ce bayansa na ciwo, wanda haɗarin mota ya jawo masa a 1954, sai a ce raki ne. Duk wanda ya taɓa miƙa katin ɗan ƙasa aka kuma tambaye shi asalinsa saboda harshensa ya san abin da ke ci masa rai.

A 1960 Pirates ta ci kofin World Series, shi kuma ya taka rawar gani duk kakar, amma da 'yan jarida suka zaɓi gwarzon shekara sai ya zo na takwas. Abin ya daɗe yana masa zafi. Bayan haka ya zama zakaran duka sau huɗu, a 1961, 1964, 1965 da 1967, ya karɓi kyautar Gold Glove ta tsaron fili shekara 12 a jere, sannan ya zama gwarzon 1966.

A ganina babbar ranarsa ita ce ta Oktoba 1971. Pirates ta doke Baltimore ta sake cin kofin, aka zaɓe shi gwarzon gasar, aka miƙo masa makirufo Amurka duka na kallo a talabijin. Kafin ya ce komai da Turanci, sai ya yi magana da Sifaniyanci, ya nemi albarkar iyayensa da ke Puerto Rico.

Ranar 30 ga Satumba 1972 ya cika duka na 3,000, adadin da 'yan wasa goma kacal suka kai kafin shi. Bayan 'yan makonni ya je Nikaragwa yana horar da ƙungiyar Puerto Rico a wata gasa. Ranar 23 ga Disamba girgizar ƙasa ta rushe Managua, dubban mutane suka mutu. Clemente ya shugabanci tara agaji a tsibirinsu, aka aika jirage uku. Sai labari ya zo cewa sojojin Somoza na karkatar da kayan. Ya yanke shawarar raka jirgi na huɗu da kansa, yana ganin ba za su yi sata a gabansa ba. Jirgin da aka samo masa mai matsalar inji ne, an kuma yi masa lodi fiye da ƙima.

Abokin wasansa Manny Sanguillén bai je taron addu'ar ba. Yana teku yana nutso, ko zai gano gawar.

A 1973 aka saka shi a zauren girmama gwanayen bezbol da ke Cooperstown, ba tare da jiran shekara biyar da ƙa'ida ta tanada ba. Pirates ta jingine lambarsa 21, kuma kyautar da ake ba ɗan wasan da ya fi taimakon jama'a kowace shekara ta koma ɗauke da sunansa. Matarsa Vera ta ci gaba da aikin filin wasannin yara da ya yi burin ginawa a Carolina.

Ko a Cooperstown sai da aka yi kuskure a sunan. A al'adar masu Sifaniyanci sunan dangin uba ke fara zuwa, na uwa ya biyo, amma allon tagulla ya ce Roberto Walker Clemente. Sai a 2000 aka sake zuba shi da Roberto Clemente Walker.