Labarin Wiliyam Tuk, Wanda Ya Riƙe Amanar Masu Taɓin Hankali

Ya ɗan'uwa mai karatu, ko ka riga ka shiga hanyar Almasihu, ko kuwa kana tsaye a bakin ƙofa kana bincike tukuna, ga labarin wani mutum wanda ya rasu fiye da shekara 200 da suka wuce. Ka karanta shi a hankali, gama wata rana za a sa mara ƙarfi a hannunka, ko a gida ko a wurin aiki, ran nan kuwa za a san irin bin da ka ke yi.

An haifi Wiliyam Tuk a birnin Yok na ƙasar Ingila cikin shekara ta 1732. Iyayensa suna cikin wata ƙungiya ta masu bi wadda a ke kira Jama'ar Abokai, masu koyar da cewa akwai hasken Allah cikin kowane ɗan Adam. Tun yana yaro aka sa shi koyon ciniki a kantin gwaggonsa. Da ta rasu a 1752 kantin ya koma hannunsa, ya zama ɗan kasuwa mai sayar da ganyen shayi da gahawa. Bai taɓa koyon aikin likita ba.

Cikin 1790 wata mace daga cikin Jama'ar Abokai, mutuniyar garin Lidis, wadda mijinta ya rasu, ta kamu da ciwon baƙin ciki, aka kai ta gidan mahaukata na Yok. Abokai suka nemi izini su shiga su gaishe ta, aka hana su. Bayan 'yan makonni ta mutu. A zamanin nan mutane suna tsammani wanda hankalinsa ya taɓu ya zama kamar dabba, ba abin da zai hore shi sai tsoro. Saboda haka a kan sa masa sarƙa, a yi masa bulala, a kulle shi cikin duhu a kan ƙazamar ciyawa.

Mutuwar matan nan ta hana Tuk sakewa. A 1792, yana da shekara 60, ya kawo shawara ga jama'arsa su gina gidansu na jiyya. Da yawa ba su goyi bayansa ba da fari, amma ya dage, ya yi ta neman gudummawa har aka sayi fili a kan tudu a bayan gari. Aka buɗe gidan a 1796, aka sa masa suna mai ma'anar Mafaka. A 1797 wani masaƙi mai tsoron Allah, Joji Jefson, ya zama mai lura da shi. Yanzu ka dubi abu huɗu da a ke yi a gidan nan.

Na fari, a kan ba mara lafiya aikin yi. Waɗansu suna aikin lambu da gona, waɗansu suna ɗinki da saƙa, waɗansu suna taimako da aikin gida, a tsakar gida kuma akwai zomaye da kaji. Sun gane cewa zaman banza yana ƙara wa zuciya ciwo, aikin hannu na kullum kuwa yana jan tunani daga baƙin ciki. A kan duba halin mutum da ƙarfinsa da abin da ya ke so kafin a zaɓa masa aiki, gama domin lafiyarsa a ke ba shi aikin.

Na biyu, a kan girmama shi. Ba sarƙa a gidan, ba duka. Ƙarafan tagogi ma an yi su kamar na katako, domin kada wurin ya yi kama da kurkuku. A kan kira marasa lafiya shan shayi, su sa tufafinsu masu kyau, a karɓe su kamar baƙi. Idan ciwon wani ya tashi har yana so ya ji wa kansa ko waninsa rauni, a kan sa masa rigar da ke tsare hannu, ko a keɓe shi a ɗaki, amma da ya natsu sai a sake shi.

Na uku, a kan faɗi gaskiya. Likitan gidan na fari, Toma Faula, ya gwada magungunan da aka saba da su, irin su zub da jini da maganin amai da na zawo. Da ya ga ba su da wani amfani sai ya faɗi haka, ya bar azabtar da mutane da su, ko da ya ke yin haka ya rage darajar sana'arsa a idon jama'a.

Na huɗu, ƙofa a buɗe ta ke ga masu zuwa dubawa. A 1813 jikansa, Sama'ila Tuk, ya buga littafi yana bayyana yadda a ke tafiyad da gidan. A 1814 wani alƙali ya shiga tsohon gidan mahaukata na Yok, ya tarar da ɓoyayyun ɗakuna cike da ƙazanta inda a ke cusa mata. A 1815 Wiliyam Tuk, tsoho mai shekara fiye da 80, ya ba da shaida gaban kwamitin majalisar Ingila. Idonsa ya rufe cikin tsufansa, ya rasu a 1822 yana da shekara 90.

Amma ka lura da abin da ya faru daga baya. Gidajen jiyya suka yi yawa, suka cika maƙil, a wurare da dama kuma aikin marasa lafiya ya koma hanyar rage wa gida kashe kuɗi. Gona ɗaya ce, fartanya ɗaya, sai dai nufin mai ba da aikin ya sāke, magani ya zama bauta. A 1917 waɗansu a Amurka suka kafa ƙungiyar masu jiyya ta hanyar aikin yi, sana'ar kuwa ta bazu cikin duniya. Ka'idodin da a ke koya wa masu ita yau suna kusa da na Mafaka: ka nemi yardar mara lafiya, ka rufa asirinsa, kada ka ci riba da rauninsa, kada ka yi da'awar ilimin da ba ka da shi.

To, ɗan'uwa, maganar ta iso gare ka. Har wa yau a garuruwanmu akwai masu taɓin hankali da a ke sa wa mari, a kulle su a bayan gida. Idan kana da irin wannan cikin danginka, ka kai shi asibiti, ka riƙa kiransa da sunansa, ka ba shi ɗan aikin da ya iya. Idan kuwa kana aikin jiyya, duk sa'ad da za ka sa mara lafiya shara ko ɗiban ruwa, ka tambayi zuciyarka ko domin lafiyarsa ne, ko domin hutunka. Shi ba ya iya kai ƙararka, in ma ya kai ba mai gaskata shi, amma Ubangiji yana gani. Allah ya ba mu ikon riƙon amanar marasa ƙarfi. Amin.