Aleksandra Kollontai, 'Yar Janar da Ta Tsaya wa Ma'aikata

A wannan mako mun kawo muku tarihin Aleksandra Kollontai, wadda aka haifa a ƙasar Rasha a 1872. Mahaifinta janar ne na soja, don haka cikin daula ta tashi. A 1896 ta ziyarci wata babbar masaƙa a garin Narva, ta ga dubban ma'aikata suna kwana a cunkushe cikin ɗakuna marasa iska. Daga nan ta shiga gwagwarmayar 'yan gurguzu.

Bayan juyin juya halin 1917 aka ba ta ma'aikatar jin daɗin jama'a a gwamnatin Lenin, inda ta dage kan kula da masu juna biyu da jarirai.

Sabuwar gwamnatin ta karɓe masana'antu, ita ke tsara abin da za a ƙera da yadda za a raba abinci. A lokacin yaƙin basasa ana ƙwace hatsin manoma, birane kuma suna fama da yunwa. A masana'antu, manajojin da gwamnati ta naɗa suka riƙa karɓe iko daga kwamitocin ma'aikata.

Nan muhawara ta ɓarke. Kollontai ta bi ɓangaren Aleksanda Shlyapnikov, shugaban ƙungiyar ma'aikatan ƙarafa. A ganinsu, tunda da sunan ma'aikata aka yi juyin, ƙungiyoyin ƙwadago ya kamata su tafiyar da tattalin arziki. Lenin kuwa yana ganin ƙasar da yaƙi ya ɗaiɗaita tana buƙatar ƙwararru da umarni daga wuri ɗaya.

A watan Maris na 1921, bayan yajin aikin ma'aikatan Petrograd, babban taron jam'iyya na 10 ya maye gurbin ƙwace hatsi da haraji, amma ya haramta ɓangarori a cikin jam'iyya.

A 1922 aka tura ta aikin jakadanci a Norwe, daga baya Meksiko da Suwidin. An harbe Shlyapnikov a 1937 a zamanin Stalin. Ita kuwa ta ci gaba da yi wa gwamnatin aiki, ba ta sake sukar ta a fili ba har ta rasu a Mosko a 1952.

Mun daɗe muna gardama a ƙungiyarmu: shirun nata hikima ce ko juya wa ma'aikata baya? Ku rubuto mana ra'ayinku, za mu liƙa a fitowa ta gaba.