Mamman Shata Katsina (1923–1999): Mawaƙi da Nauyin Sunansa

An haifi Alhaji Mamman Shata a garin Musawa ta ƙasar Katsina a shekarar 1923. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ɗansa ya kama waƙa ba, domin a idon mutanen wancan zamani kiɗa da waƙa roƙo ne, maroƙi kuwa yana can ƙasa a tsarin daraja. Shata ya fara neman abinci da tallar goro da alewa, yana waƙa a dandali don nishaɗi. Daga baya ya bi Abdullahi Inde zuwa Bakori, kuma bikin 'ya'yan sarki da aka yi a Kano a 1952 ne ya fito da sunansa fili. Funtuwa ce ta zama mazauninsa daga baya.

Domin a gane abin da shahara ta yi masa, ya kamata a kwatanta shi da makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa, wanda fasaharsa ta rataya ga Sarkin Gobir na Isa. Makaɗin fada ubangidansa ɗaya ne, daga gare shi ci da sutura da doki suke fitowa. Shata kuwa makaɗin jama'a ne mai kalangu, ya kuma taso daidai lokacin da rediyo da faifai, sannan kaset, suka soma kai murya inda ƙafa ba ta taɓa zuwa ba. Wannan ya 'yantar da shi daga ƙofa guda. Ya yi wa sarakuna waƙa, ya yi wa direbobi da attajirai, ya yi wa sojoji a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970.

Sai dai 'yancin ya zo da nasa nauyi. Da yabonsa ya zama abin nema, sai zambonsa ya zama abin tsoro, har ya kasance da wuya a rarrabe mai yi masa kyauta don ƙauna da mai yi don kare mutuncinsa. Rayuwarsa ta daina zama tasa shi kaɗai: abin da wani zai yi a ɓoye, nasa ya zama zancen kasuwa. A ganina, Bakandamiya ita ce shaida mafi ƙarfi a nan, domin a cikinta mawaƙin da sana'arsa wasa wasu ce ya mai da kansa abin wasawa. Wanda ya ga matsayinsa na buƙatar tsaro ne yake yawaita yi wa kansa kirari.

Sunan ya ja shi cikin siyasa, inda bai yi masa amfanin da ya yi masa a fagen waƙa ba. Ya yi kansila a Kankiya, ya kuma shugabanci jam'iyyar SDP a Funtuwa a Jamhuriya ta Uku, kafin a tsige shi. Masana sun fi 'yan siyasa riƙe shi da daraja: Dandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiana ta Amurka a 1975, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba shi digirin girmamawa a 1988.

Ya rasu a Kano a watan Yunin 1999. Ba a Musawa ko Funtuwa aka binne shi ba. Daura aka kai shi, garin Sarki Muhammadu Bashar, wanda ya daɗe yana riƙe da shi a matsayin ubangida.